Yashin da Na Cire wa Shaho

…zagaye na bakwai ke nan, ko na takwas? Silas mai riƙe da agogo ne ya sani. Hagu, Shaho, hagu! Bi bayan sandar, kada ka yanke ta ciki, ga Abigel can gindinta da jan ƙyalle, yanka biyu an fitar da mu.

Ni fa Awalu ne. Da farin soson kwalin firji na ƙera ɗan jirgin saman nan, Shaho, daga Diffa har Maine a nuna mini kamarsa. Rimot a hannuna sai ka ce tare aka haife mu.

Dabara ce mai kyau, wallahi. A ƙungiyarmu ta tseren jirage, mai jinkiri shi ke fara tashi, masu sauri su jira. Ranar gwaji sai na ɗura yashin kogin Komadugu a leda, na cusa a cikin Shaho. Ya dinga ja kamar jaki da kaya, minti biyu da daƙiƙa goma! Goni, zakaran bara, har da dafa ni: «Sannu, ɗan'uwa, a ba shi ratar daƙiƙa ashirin.» Na sunkuyar da kai, dariya na cina. Yau na zubar da yashin, na bar Goni yana kallon wutsiyata.

Sai da safen nan Silas ya buɗe takarda. Wai duk wanda ya fi lokacin gwajinsa sauri da sama da kashi goma cikin ɗari, maguɗi ya yi, a goge sunansa. Na gyaɗa kai kamar kowa. A goge… A garin nan ko leda ka tayar sama sai an tambaye ka takarda. Izini ɗaya ne, sunaye tara, nawa na takwas. In aka goge ni, Shaho ya zama abin rataya a bango.

Kashi goma na minti biyu da goma — nawa ke nan? Goma ne? Ashirin? Daga sama ake cirewa ko daga ƙasa?

Na tuna malamin lissafinmu, Mushe Alasan, a gaban allo, alli a hannu, ya zana ɗari da wasu ƙwayaye biyu, wai alamar kashi cikin ɗari… ni kuma ina jiran ya ja aljihun tebur. Ƙadangaren da na ɓoye a ciki ya yi tsalle, aji ya kece. «Awalu, fita!» Na fita ina taƙama. Shekara goma sha biyar ina ba da labarin ƙadangaren nan, ban taɓa tambayar abin da aka koyar bayan fitata ba.

Hagu! Saura kaɗan fiffike ya shafi sanda.

In rage totur? Ga kukan jirgin Goni yana ƙaruwa a bayana. In na rage, ya wuce ni, ni da na cika kasuwar tattasai da baki. In na danna, na ci, an kore ni. To wane gudu ne nawa na gaskiya? Mai yashi ko marar yashi?

Silas ya ɗaga yatsa ɗaya. Zagayen ƙarshe. Ya dubi agogo, ya dube ni, ya sake duban agogo…

Shi ya san lissafin. Goni ma ya sani. Kowa a bakin kogin nan ya zauna ajin ranar.

Mushe… nawa ne?