Gadar da Ta Zana

Ana shirin yanke ƙyallen buɗe gadar, manaja ya yafito ta, ya ɗora mata faranti cike da gorunan ruwa.

"Injiniya, taimaka ki zagaya wa manyan baƙi. Ku mata kun fi iya wannan."

Ta tsaya da farantin a hannu. Ita ta zana gadar nan. Ita ta lissafa nauyin da kowane ginshiƙi zai ɗauka, ta sha rana a bakin kogin har ta yi baƙi, ta yi cacar baki da ɗan kwangilar da ya so rage rodi.

"Yallaɓai, ba ni ce zan yi bayanin aikin ba?"

"Mun sake shawara, mataimakinki zai yi. Baƙin za su fi natsuwa in sun ji daga bakin namiji. Kada ki ɗauka da zafi."

Mataimakin, wanda ita ta koya wa karanta zane, ya hau dandamali da sabuwar hular kwano. Bayaninta ya karanto kalma bayan kalma, bai ambaci sunanta ba. Aka yi ta tafi. Ta dire farantin a kan kujerar manajan, ta yi tafiyarta.

* * *

A gida kuwa, Baba ya tara maƙwabta tun da hantsi su ga 'yarsa a talabijin. Sun gan ta sau ɗaya, can a gefe, riƙe da faranti. Ko da ta shigo duk sun watse.

"Sannu, Mamana," in ji Baba, bai iya ɗaga ido ba.

Auta, wadda ke rigimar a sa ta ajin kimiyya, ta tare ta a bakin ɗaki.

"Yaya, dama duk karatun nan na raba ruwa ne?"

"Rufe mana baki," in ji Inna. "Ke kuma ki yi haƙuri, haka duniya take."

"Wa ya yi ta haka, Inna?" in ji Injiniya. "Daga sama ta faɗo?"



* * *

Washegari motar haya ta bi da ita ta kan gadar, ko girgiza babu. Direba ya buga sitiyari yana murna.

"Wallahi injiniyan da ya yi wannan aiki namijin duniya ne."

Fasinjoji suka gyaɗa kai. Tana kujerar baya, a matse jikin taga, tana kallon ruwan da ke wucewa a ƙasa.