Batur a Bayan Rumbu

Hamsatu na cikin shara ta ji saran gatari a bayan rumbu, kuma ba ƙarar itace ba ce. Ta leƙa, sai ga ɗanta Surajo tsugune yana fasa matattun baturan sola, irin waɗanda suka cika shagunan caji daga Anka har Gummi. Wani ruwa mai warin tsami na tsiyaya daga cikinsu, ƙasa na shanyewa.

"Mi kaka yi haka, Surajo?"

"Dalma nika hiddawa, Inna. In na narka ta, akwai masu saye."

Babu wanda za a koya wa dalma a Tungar Guru. Shekarar da yara suka yi ta mutuwa, duwatsun zinariya masu dalma a ciki aka riƙa dakawa a turamen gida, ƙurar ta bi ƙasa, ta bi hannu, ta shiga baki. Salim, autanta, a kan cinyarta ya yi ta fizge-fizge har ya cika. Daga baya ma'aikatan lafiya suka sa aka kankare ƙasar gidan kaf, aka zubo sabuwa. Wannan sabuwar ƙasar ce Hamsatu take sharewa kullum, tana tattalinta kamar zanen Salla. Ko takalmin mai haƙar zinariya ba ta bari ya taka ta.

"Ka mance ƙanenka ke nan?"

"Ban mance ba. Amma 'yan bindiga sun hana mu gona, kin sani. Kuma wanga ba dutse na ba, Inna, batur na, na hasken rana. Ba ki ji rediyo ba? Duniya duk can za ta koma, a bar fetur. Abu mai tsabta na."

Ai kuwa ta ji. Jiya ma wani mai dogon bayani ya ce in aka dage da sola, nan da shekara talatin hayaƙin da ke ɗumama duniya zai ragu. Hamsatu ba ta ƙi ba, ita ma a solar maƙwabta take cajin tocilanta. Sai dai bawan Allahn bai faɗi inda batur yake zuwa in ya mutu ba. Ashe bayan rumbunta ne.

"Kwashe su daga gidanga, yanzu."

"To, Inna. Amma tun bayan Salla nika yi, ba abin da yas samu kowa."

Tun bayan Salla. Tsintsiyar ta suɓuce mata. Tun bayan Salla ne jikanyarta Mardiyya, 'yar Surajo, ta daina tsayuwa bayan har ta fara, ga amai, ga kukan da ba ya jin rarrashi. Kowa ya ce haƙori ne, har ita Hamsatu. Kuma inuwar rumbun nan ce wurin rarrafen yarinyar.

Ta same ta a gindin rumbu, yatsu cikin baki, leɓɓanta furu-furu da toka. Ta sure ta, ta goge bakin da gefen zane, ta goya ta. Ta juya wajen Surajo.

"Tada babur. Asibitin Anka za mu."

Surajo ya dubi 'yarsa, ya sunkuyar da kai.

"Babu mai, Inna. Sai na sai da wagga."

Hamsatu ta dubi tarin dalmar. Sannan ta gyara goyonta, ta durƙusa, ta riƙe masa bakin buhu ya zuba dalmar.