Gawayin Malam Mounkaila

"Me ka ce ka sa a ƙarƙashin motar?" Amine ya tambaya, ya ƙara danna wayar a kunne.

"Gawayi, ƙanena. Kasko ɗaya tal," in ji Malam Mounkaila daga Lyon, har da 'yar dariyarsa. "Moins onze ake yi yau, sanyi ya kai sha ɗaya ƙasa da sifiri. Mai ya daskare kamar man shanu. Sau uku na murɗa makulli, ko tari injin bai yi ba."

Ƙarfe takwas ne na safe. Amine yana tsaye a kicin ɗinsa na Aubervilliers, tafiyar awa biyar a mota daga Lyon, idonsa a kan igiyar lantarkin da ke naɗe a bayan ƙofa. Ta Malam Mounkaila ce, maƙwabcinsa ƙofa da ƙofa shekara tara. Da ita dattijon yake jona na'urar da ke manne a gindin injin kamiyonsa, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, wadda ke ɗumama mai don motar ta tashi da safe. Bakinta na musamman ne, ba kowane kanti ake samu ba. Ranar Litinin Amine ya are ta don tasa motar, ya ce gobe-gobe zai mayar. Yau Alhamis. Irin goben nan ce ta mutanenmu, wadda ba ta cika zuwa ba.

"Malam, a waje motar take?"

"Wane irin waje cikin wannan sanyi? Garejin da nake haya mana. Na ja ƙofa don zafin ya tsaya. Shekara ashirin muna yin haka a hanyar Dirkou, mu hura wuta ƙarƙashin inji mu ɗora shayi. Kai za ka koya mini?"

"Can hamada ce, iska na kaɗawa! A rufaffen wuri hayaƙin gawayi kisa yake yi! Don girman Allah ka buɗe ƙofar nan, tout de suite, yanzu-yanzu."

"To, na ji. Bari in ɗan zauna a cikin motar tukuna, kaina ke sarawa. Sanyin ne."

Malam ya katse wayar.

Amine ya sake kira, wayar ta yi ta ringi har ta gaji. Ya kira na uku, na huɗu. Ya fara danna lambar pompiye, 'yan kwana-kwana masu kai ɗaukin gaggawa, sai ya tsaya cak: me zai ce musu? Gareji a Lyon? Ko sunan unguwar bai taɓa tambaya ba.

Sai ya tuna da Hajiya Latifa, mai kantin kayan miya a unguwar La Guillotière ta Lyon, wadda kayanta ne Malam ya ɗauko daga kasuwar Rungis. Tana ɗagawa ta shiga gaisuwa, ina kwana, ina sanyi, ina iyali. Bai taɓa katse babba ba sai ranar.

"Hajiya, ki yafe mini. Kin san garejin Malam Mounkaila?"

"Na Vénissieux? Na sani. Lafiya?"

"Ki kira pompiye yanzu, ki ba su adireshin. Ki ce mutum ne da gawayi a rufaffen wuri."

"Subhanallahi!" Ta kashe.

Daga nan sai jira. Bangon gidan ba kauri, yana jin Hajiya Mutmainna, matar Malam, tana markaɗe, rediyonta na magana ƙasa-ƙasa. Sau biyu ya kai hannu ga ƙofarsa, sau biyu ya janye. Idan an same shi lafiya fa, ya tayar wa baiwar Allah hankali a banza? Gaskiyar maganar kuwa, tsoro ne ya riƙe shi, da kunyar da ta fi tsoron. Ya zauna a ƙasa yana ta salati, yana kallon agogo kamar zai cinye shi.

Tara saura kwata Hajiya Latifa ta kira. Tun kafin ta yi magana ya ji numfashinta.

"Sun fasa ƙofar, Amine. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ta ƙara da cewa, "Ni ma na zo da taksi, na gan shi. Ya buɗe ƙofar motar, ƙafarsa ɗaya a kan matakala. Saukowa zai yi."

Saukowa zai yi. Ashe dattijon ya ji maganarsa. Amine ya kifa fuska a gwiwa ya yi kuka, irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsa a Abéché.

Da ya samu ya miƙe, ya wanke fuska, ya taka taku ukun da ke tsakanin ƙofofin biyu, ya ƙwanƙwasa.

Hajiya Mutmainna ta buɗe, ludayi a hannu.

"A'a, Amine. Ka samu Malam a waya kuwa? Tun ɗazu nake kira bai ɗauka ba."

Ya buɗe baki, sallamar ma ta ƙi fita. Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta juya a hankali ta koma kicin, ya ji ta kashe gas. Ta dawo tana goge hannu a zaninta, ta jawo 'yar kujerar da ke bakin ƙofa, ta zauna, ta gyara lulluɓinta.

"To," ta ce. "Faɗa mini."