Bindiga Mai Baki Ashirin da Biyar

"Ɗauke mini wannan injin markaɗen daga kan teburi," in ji Kok Wai.

Thevan ya yi kamar bai ji ba. Ya gyara wa 'yar bindigar wasan da Kok Wai ke nufi zama a bakin gadar kwali, tsakiyar sojojinsa na dalma masu jan wando. Wata uku ya yi yana mata fenti a ɓoye.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk Asabar sai sun hau saman wani shagon kofi a garin Ipoh, su shimfiɗa koren bargo, su sake yaƙin Faransa da Jamus na 1870 da rula da ƙwayoyin lido. Thevan, tsohon malamin lissafi, shi ke riƙe da Faransawa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cin wasa ba. Yau ce damarsa ta ƙarshe, don ranar Alhamis Kok Wai zai tattara ya koma Ostireliya wurin 'yarsa.

"Baki ashirin da biyar gare ta, tsoho," in ji Thevan. "Hannu kawai ake murɗawa. Kafin sojanka ya ɗura harsashi ɗaya, an gama yi masa addu'a."

"Haka su ma Faransawan suka yi ta cika baki. Ɓoye ta suka yi har masu harbawar ba su san kanta ba. Suka jera ta can baya, igwarmu ta yi kaca-kaca da ita."

"Shi ya sa ni na kawo ta gaba."

"Malam, ai gara tsohuwar bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Harbi uku a minti, amma ba ta ba ka kunya."

"Tura yaranka mu gani."

Kok Wai ya kurɓi kofi, ya auna da rula, ya turo rundunarsa sahu-sahu kan gadar. Thevan ya tattara ƙwayoyi takwas a tafin hannu. Ya rufe ido ya watsa.

Shida, shida, biyar, shida... Sau uku yana ƙirgawa, shi da ya koyar da lissafi shekara talatin.

Kok Wai ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ɗaya bayan ɗaya ya kwantar da sojojinsa a kan bargo, har gadar ta zama wayam.

"Na ci!" Thevan ya miƙe har kujera ta kife. "Wayyo, na ci shi!"

"Sa'a ce! Wannan ba yaƙi ba ne, caca ce. A tarihi ma ba a yi haka ba."

"Je ka kai ƙara wurin tarihi."

"Ba ka isa ba, Malam. Asabar mai zuwa ka sake kawo ta, in nuna maka yadda ake..."

Sai ya tuna kafin wata Asabar ya riga ya tafi. Daga ƙasa ana jin ƙarar cokula da mai shago tana kiran taliya kwano biyu. Thevan ya ɗaga kujerar ya zauna, ya shiga tayar da sojojin Jamus da ke kwance, yana tsayar da kowanne da ƙafarsa.

"Laraba fa?" ya ce, bai ɗago kai ba.

"Laraba zan ɗaure kaya."

"To ɗaure komai. Waɗannan ka bar su a waje."

Kok Wai ya jawo kofinsa da ya riga ya huce.

"Ƙarfe goma," ya ce. "Kuma ni zan riƙe injin markaɗen."