Faifan Malam Kalilu

Harisu mutum ne mai gaggawa, kuma ya san da haka, shi ya sa duk wanda ya faɗa masa sai ya ji haushi. Shagonsa na gyaran kwamfuta yana kan layin da ke gangarawa rijiyar Kusugu, manne da na Lado tela. Bango ɗaya ya raba su, janareta ɗaya suke amfani da shi. Ranar Larabar nan tun da hantsi Harisu ya kasa zama wuri guda. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo ya kara kunne a kan wani tsohon faifan kwamfuta da ke kan tebur yana ƙas-ƙas kamar ɓera a bayan buhu.

Muryar Malam Kalilu ce a cikin faifan nan, mijin yayarsa Haulatu ta Sandamu. Shekarun baya Harisu ya kwashe kaset-kaset ɗin Malam kaf ya zuba a ciki, su kuma kaset ɗin damina ta gama da su ta rufin ɗaki mai yoyo. Yanzu Malam ya rasu, Haulatu ta fita takaba, ta kuma bugo waya cewa tana tafe bayan azahar. Ba tafsirin take nema ba, duk da yawansa. Kaset ɗaya take so a sa mata a waya, na ranar sunan 'yarsu Amatullah, wanda aka manta rikoda a kunne a tsakar gida, ya ɗauki Malam yana dariya yana tsokanarta wai kununta ba sukari. Wannan kaset ɗin ne ta sa Harisu ya fara kwafewa a wancan lokacin, kafin kowanne.

Da mai natsuwa ne, da wannan guda ɗaya ya fara cirewa ya adana. Amma ƙarar faifan ta tsorata shi, ya ce gara ya kwashe komai a tashi ɗaya zuwa sabon faifai kafin tsohon ya mutu a hannunsa.

Kwamfutar Harisu da tsarin aiki na Linuks take amfani, abin da yake taƙama da shi a duk layin. Shi kuwa Linuks bai san faifai da sunan yanka ba. Wanda ya fara gani idan an kunna shi zai kira sda, na biyu sdb, na uku sdc, haka har su ƙare. Harisu ya jona faifai biyun ta wayoyin USB, ya duba da kyau: nasa na cikin kwamfuta shi ne sda, na Malam sdb, sabon kuma sdc. Ya rubuta umarnin da zai ɗebo duk abin da ke sdb ya shimfiɗa a kan sdc, ya danna. Aikin bai je ko'ina ba aka ɗauke wuta.

Ya ja tsaki, ya zagaya baya wajen janareta. Injin ya ƙi tashi, ya yi ta jan igiya har gumi ya jiƙa masa riga, ga kiran azahar yana matsowa. Da ƙyar ya kama. Kwamfutar da ma an saita ta tana kunna kanta da zarar wuta ta dawo, Lado kuma yana da tasa al'adar: da jin ƙarar inji zai leƙo da wayarsa ya soka ta caji a bayan kwamfutar, ba sallama ba tambaya, ya koma kan kekensa. Harisu ya shigo yana goge hannu a wando, ya dawo da umarnin ɗazu da maɓalli ɗaya, ya danna, ya fita ya wanke fetur a hannunsa ya yi alwala.

Kafin ya gama alwala aikin ya ƙare. Ya tsaya yana kallon allon. Aikin da ya kamata ya kai la'asar ba zai ƙare a tsawon alwala ba. Ya sa kwamfutar ta nuna masa faya-fayan da take gani, sai ga huɗu maimakon uku. Wayar Lado, da ɗan memorin cikinta, ta riga kowa shiga ta karɓe sunan sdb. Faifan Malam ya koma sdc. Sabon yana can a sdd, wannan karon ko taɓa shi ba a yi ba.

Ya buɗe faifan Malam. Babban sashen da ya raba wa kaset-kaset ya ɓace, taswirar rabon faifan ma ta tafi. Abin da ke wurin waƙoƙin finafinai ne da hotunan wuyan riga.

Ya fizge wayar ya faɗa shagon Lado.

"Wa ya ce ka sa wannan a kwamfutata?"

Lado ya ɗago da allura a baki. Ya cire ta ya ce, "Maƙwabci, lafiya? Ai kullum nan nake sawa. Kai ka nuna mini wurin da kanka, ka ce in daina cika maka soket."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona wa Harisu rai. Ya ajiye masa wayar a kan yadi ya fito, ba shi da wanda zai yi wa faɗa.

Sallar azahar ya yi ta ne dai, amma bai san abin da ya karanta ba. Ya dawo ya cire kowace wayar USB, ya toshe ramukan bayan kwamfutar da salatif, wannan karon ya bi faya-fayan da lambar da ke jikin kowanne, ba da sunan da Linuks ya ga dama ya ba shi ba. Memorin Lado ƙarami ne, don haka farkon faifan kawai ya danne. Harisu ya saki wata manhaja da ke bin faifai lungu-lungu tana tsinto abin da ya rage. Muryoyin suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba suna, sai lambobi. Yana buɗe kowanne yana tsallakawa: tafsiri, tafsiri, huɗubar Idi, tafsiri. Ya san kaset ɗin sunan a farkon faifan yake kwance, tunda shi aka fara zubawa, amma bai daina buɗewa ba.

A haka Haulatu ta same shi. Ta rame, hijabin ya yi mata yawa. Ta ajiye masa ƙullin gyaɗa, ta zauna a benci, ta miƙo wayarta.

"Auta, ga ta. Wannan ɗin kawai za ka sa mini."

Ya kasa karɓa. Ya durƙusa ya faɗa mata abin da ya faru, bai sa sunan Lado ba. Ta saurara har ya gama, duk da ba ta gane rabin maganar ba.

"To kunna mini abin da ya saura," in ji ta.

Ya kunna. Muryar Malam ta cika shagon, a nitse, yana jan aya yana fassarawa. Keken Lado ya yi shiru a bayan bango. Harisu ya matsa zuwa na gaba, da na gaba, yana satar kallonta, yana fatan ko tari ne Malam zai yi ya yi dariya a tsakiyar karatu. Har aka kira la'asar ba su samu ba.

"Yaya, sun fi yawa waɗanda suka tsira," ya ce da ƙaramar murya. "Duk zan sa miki su."

Haulatu ta mayar da wayarta cikin jaka, ta gyara hijabi.

"Ka ba ɗalibansa, za su ji daɗi. Wannan Malam ne, Auta. Ni mijina na zo nema."