Gurbin Ranar Rasuwa

…ga shafin kuskuren nan mai ruwan ɗorawa ya sake fitowa, Marit. Wai babu wannan gurbi a rumbun bayanai. Yaya babu? Da hannuna na rubuta shi. Layi ɗaya tak, ƙasan lambar waya: ranar rasuwa.

Uku da kwata. Ƙarfe huɗu manhajarki za ta tura wa direbobin sa-kai saƙon gobe, kowa da tsofaffin da zai kai wa abinci. Gida tamanin da ɗaya a garin Duluth. In saƙon bai fita ba, Mista Koskinen zai zauna bakin taga da cokalinsa, yana kallon dusar ƙanƙara, babu motar da za ta tsaya…

Duk Juma'a wayarki sai ta yi ƙugi cikin durowar kicin ɗin Mama. "Marit, gobe layin bakin tafki naki ne." Sati bakwai ke nan. Mama ta daina shiga kicin ranar Juma'a. Na so in goge sunanki kawai, manhajar ta ƙi. Ke kika hana. Wanda ya taɓa kai wa wani ko kwano ɗaya ba ya goguwa, don kada tarihin tafiye-tafiyensa ya goge tare da shi. Naki shekara shida ne. Wa yake irin wannan tunanin tun kafin buƙata ta zo? Ke kaɗai.

Ƙaura. Na manta ƙaura! Rubuta gurbi daban, sanar da rumbu daban — wannan sanarwar ita ce ƙaura. A wannan teburin kika faɗa mini, a ƙasan cocin nan, bakinki cike da burodi — "Teo, ka zana ɗaki a takarda, kana mamakin ba ka iya kwana a ciki ba?" Ni mai canza taya ne, shekara ɗaya na yi a kwaleji na gudu. Ba ki taɓa gajiya da ni ba. To, kin gaji, amma da dariya.

Na ba da umarnin ƙaura. Injin yana tambayata: akwai mutum sittin da uku tuntuni, gurbin ba ya zama fayau, me za a cika musu? Kwanan wata yake so. Guda nawa ne a kaina? Tara ga Nuwamba. Yatsuna sun rubuta kafin in yi tunani.

Misis Lindgren mai girki ta leƙo, ludayi a hannu, ƙamshin talotalo da albasa na biye da ita.

"Ɗan nan, kai ke dafa kwamfutar ko ita ke dafa ka?"

"Saura kaɗan."

"Haka yayarka ke cewa. Amma ita gaskiya take faɗa."

Ta koma. Shafin ya buɗe, babu ruwan ɗorawa. Na danna jerin gobe — ja. Wani jan rubutu, ba irin na inji ba…

"Jerin direbobi babu kowa. Ba zan aika komai ba. Teo, me ka taɓa?"

Marit.

Yaushe kika rubuta wannan? Bara? Kafin asibiti, ko a can, kwamfuta bisa gwiwa, robar ruwa a hannunki? Kin san wata rana zan zo ni kaɗai in yi ɓarna. Kin dasa muryarki daidai inda zan faɗi. Ko wasiƙa ba ki bar mini ba, sai wannan — kuma ya fi wasiƙa, don har sunana ya kira, har hararar ina ji.

Me na taɓa? Na ce wa manhaja ta tsallake duk mai ranar rasuwa. Sannan na ba kowa ranarki. Sittin da uku. Misis Lindgren da ke motsa tukunya a bayan bangon nan ta rasu tara ga Nuwamba. Fasto ya rasu. Ni ma ga sunana… wannan kam ba ƙarya sosai ba ne.

Saura minti ashirin. Jirgin ruwa na busa ƙaho wajen gada, kin ce kukan saniyar da ta makara ne. Tsaya, Teo. Ka karanta kuskuren daga ƙasa, layin ƙarshe shi ke faɗin gaskiya — ke ce kuma. Bayananki na nan a saman fayil, gajeru, tsaf, kamar yadda kike ninke tawul: "Duk sabon gurbi, fara tambaya: waɗanda ke nan tun da, me za a rubuta musu? In babu, bar shi ya iya zama fayau." Yana nan tun farko. Ban karanta ba. Na yi ta gudun rubutunki kamar yadda Mama ke gudun kicin.

Na gyara layin. Ya iya zama fayau. Wata ƙaura. Na share kwanan daga kan kowa. Gwaje-gwajenki na gudu, ɗigo bayan ɗigo, arba'in da biyu, duk sun wuce. Gida tamanin da ɗaya sun dawo, kowane da direbansa. Aikinki ko gezau bai yi ba. Na jijjiga shi da dukan jahilcina, ya tsaya, ya riƙe ni.

Kowa ya dawo da rai.

Har ke.

Ga ki a layi na bakwai, bakin tafki, Mista Koskinen na farko. Gurbin fayau, alamar rubutu na ƙyaftawa a ciki. Wannan babu ƙaurar da za ta yi mini shi. Sai na rubuta da hannu, a layi ɗaya kaɗai, sannan layin bakin tafki ya faɗo kaina, ni ne na gaba a jeri — haka kika tsara, ko? Tun yaushe?

"Teo, miya na hucewa," in ji Misis Lindgren daga kicin.

Huɗu saura minti huɗu. In na bari, wayar za ta yi ƙugi a durowa, wani abu a duniyar nan zai sake kiran sunanki kamar gobe za ki fito. In na rubuta, Mama za ta shiga kicin.

Tara… na rubuta tara. Saura watan.

Saura minti uku, Marit. Yatsana na kan harafin N…