Furen Maman Goodness

Saude na durƙushe tana tsince ganyen da ya zube tana cusawa a haɓar zani, sai ka ce ɓoye shi zai gyara wani abu. Jajayen furannin nan da ke sa matan unguwa tsayawa kallo duk sun yi baƙi sun lanƙwashe a bakin tukunya.

Furen na maƙwabciyarta ne, Helen, ma'aikaciyar jinya a Kazaure, wadda kowa ke kira Maman Goodness. Daga gidan mahaifiyarta a kudancin Kaduna ta yanko reshensa, ta raine shi shekara uku a falo. Da tsohuwar ta rasu za ta tafi jana'iza, sai ta kawo wa Saude ajiya.

"Ruwa kofi ɗaya duk bayan kwana biyu, Maman Auwal. Kada ki ƙara masa komai."

Saude har dariya ta yi. 'Yar manoman Gwiwa za a koya wa shuka? Kwana huɗu da tafiyar ta ga ganye biyu sun yi rawaya, ta ce yunwa ce. Ta ɗebo takin zamani cikin tafin hannu daga buhun da maigida ya ajiye don gero, ta zuba a gindi. So take Helen ta dawo ta sha mamaki. To, ga mamakin nan.

Sallama ta ji daga zaure, kunya ta rufe ta. Helen ta shigo, ta rame sosai, tana riƙe da ledar citta ta tsaraba. Saude ta yi mata ta'aziyya kanta a sunkuye. Can Helen ta hango tukunyar, ta matsa kusa da ita.

"Zafin garin nan ne," ta ce a hankali. "Ba ya jure zafi. Kin yi ƙoƙari, na gode."

Godiyar nan ta fi mari ciwo. Shiru kawai Saude za ta yi, rana ta ɗauki laifin, babu mai sani.

"Ba zafi ba ne, Maman Goodness," in ji Saude. "Taki na zuba masa. Kin gaya mini, ban ji ba."

Helen ta ajiye ledar. Ta durƙusa ta kankare gindin reshen da farce, ta daɗe tana dubawa.

"Kama mini can," ta ce. "Mu juye ƙasar mu gani ko zai farfaɗo."